Nozul na Huɗu

Tun da na dawo, ban zauna a majalisarmu ta bakin sakatariya ba face sai wani ya ce in ba su labarin Maraɗi. Wannan yana so ya ji ko da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu, wancan yana so ya ji da wane yare na yi magana da jandarma. Na gaji da ba da shi gutsi-gutsi, kuma in faɗi gaskiya, inda nake tsayar da shi a majalisa ba nan ya ƙare ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawal, ina aiki a sashen noma na ƙaramar hukumar Kankiya. Ina da tsohuwar mota ƙirar Faransa, ruwan toka, wadda ta girmi aurena. Mahaifiyata, Inna, yanar ido ta rufe mata ido biyu shekara uku ke nan, haske da duhu kawai take bambancewa. Da aka sanar cewa likitocin ido za su zo Katsina su yi aiki, na yi ta zirga-zirga har na samar mata kati na ranar Alhamis. In wannan Alhamis ta wuce, sai baɗi, in muna da rai kuma in sun dawo.

Matsalar ita ce Inna ba ta shiga motar kowa sai tawa. Yayana Mamman ya rasu a hatsari tsakanin Kankiya da Caranci shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma a zaman makoki wani mai dogon baki ya faɗa a kunnenta cewa sitiyarin motar an ciro shi ne daga wata motar da ta taɓa kashe mutane. Tun ranar ta ƙudurta a ranta cewa ƙarfen da ya ga mutuwa ba ya mantawa. Malamai sun yi mata nasiha cewa camfi ne, ta ce ta ji, ta yi istigfari, amma ƙafarta ba ta sake taka mota ba. Tawa ma sai da ta shafa ta gaba da baya ta ji ba ta da tabo, sannan ta sa na yi mata alkawarin ko ƙusa ba zan ɗaura mata ba daga motar da ta ci rai. Ni ban yarda da zancen ba, amma na riƙe alkawarin shekara da shekaru, don bai taɓa yi mani wahala ba.

Ranar Asabar motar ta fara tari, ta yi karkarwa, ta mutu a bakin kasuwa. Laifina ne. Mai ya yi wuya a makon, na sha na 'yan bumburutu har sau uku, kuma Allah kaɗai ya san abin da ke cikin jarkokin nan. Bakanikena, Oga Hadi, ya buɗe ya ce nozul ne, wato 'yan ƙarafan nan huɗu masu kamar yatsa da ke fesa wa inji mai. Tsatsa ta cinye su. Biyu sun karye wajen cirewa, ɗaya ya tsage, na huɗun ya fito lafiya a ido amma ba ya motsi. Wannan na huɗun ya naɗe mani a tsumma in tafi da shi, ya ja mani kunne in duba abu uku: lambar da ke jikinsa, launin kansa, da bakin da waya ke shiga. Ya ce in ɗaya ya saɓa, ko ya shiga ramin, motar za ta riƙa shan mai kamar rijiya ko ta riƙa shaƙewa.

Lahadi da safe na shiga motar haya zuwa Katsina da tsummana a aljihu. Na zagaye shagunan kayan gyara har ƙafata ta gaji. Iri biyu ne a kasuwar: na Beljiyam, wato waɗanda aka ciro daga tsofaffin motocin Turai, da sababbi na kwaikwayo waɗanda lambarsu ba ta yi daidai da tawa ba. Duk wanda ya miƙo mani na Beljiyam sai in tambaye shi ko motar da aka ciro shi ta ci rai. Wani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ina ya san wanda ya mutu a ƙasar Turawa. Wani dattijo kuwa bai yi dariya ba. Ya juya nozul ɗin a tafinsa, ya ce sabo na asali irin wannan ya ƙare a Najeriya, amma akwai wani Alhaji Isufu a Maraɗi da ba ya zubar da tsohon kaya, in na yi sa'a zan samu. Ban koma gida ba, na buga waya na ce a gaya wa Inna sai gobe, na nufi tashar Jibiya.

Hanyar ba ta da labari sai a kan iyaka. A ɓangarenmu aka duba mu aka ce mu wuce. A ɓangarensu kuwa kowa ya sauko ya tsaya a layi da katinsa a hannu, ba mai tari, abin da ba za ka taɓa gani a tashar Kankiya ba. Jandarman da ke lalube ya ji tauri a aljihuna, ya sa na fito da shi. Da ya warware tsumman ya ga ƙarfe mai tsini, sai ya ja da baya taku ɗaya, sauran fasinjoji ma suka ja, na tsinci kaina ni kaɗai a tsakiyar fili. Na yi ta bayani da Hausa da hannu, har direbanmu ya buɗe gaban motarsa ya nuna mashi irinsa. Ya mayar mani da abina, amma da muka koma mota matar da ke kusa da ni ta ɗauke jakarta daga tsakaninmu ta ɗora a cinya, haka muka tafi har Maraɗi.

Da la'asar sakaliya muka isa, na tarar shagon a rufe. Wani mai kabu-kabu ya kai ni gidan Alhaji Isufu. Dogon mutum ne siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani. Bai tambaye ni daga ina nake ba sai da na ci dambu da zogale na ƙoshi, aka kuma kawo shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi har zagaye uku, na farko ɗaci kamar magani. A wurinmu baƙon ciniki masallaci ake nuna mashi ko tasha, su kuwa mai kaya shi ne mai masauki. Ya buɗe mani wani ɗaki a zaure. Akwai riguna a rataye, takalma ƙafa biyu a jere a bakin gado, hula a kan ƙusa, komai a share tas. Na ɗauka mai ɗakin ya fita ne zai dawo, har na ƙi hawa gadon na kwanta a tabarma. Sai da safe, muna cin dogon burodin nan da kuke tambaya, wanda ɓawonsa ya kusa yanka mani dasashi, Alhaji ya gaya mani ɗakin ƙanensa ne. Direba ne, ya tafi arewa cikin hamada shekara bakwai ke nan, ba labari. Suna sauke baƙi a ciki ne don kada ɗakin ya daina ƙanshin mutum. Na gode wa Allah da bai gaya mani tun jiya ba.

Shagonsa ƙarami ne a baki, amma yana da zurfi kamar rami. Muka yi ta shiga tsakanin kantoci har hayaniyar kasuwa ta ɓace, ba abin da kake ji sai numfashinka. Ya hau tsani da kansa ya sauko da wani kwali da launinsa ya koɗe, ya hure shi. Guda huɗu ne a ciki, kowanne a rufe cikin ledarsa ta masana'anta. Na fito da nawa muka gwada ta bayan ledar: lamba ɗaya, launi ɗaya, baki ɗaya. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla.

Alhaji ya jawo wani batir daga ƙarƙashin tebur da wayoyi biyu, ya kai hannu zai yage ledar farko. Na riƙe hannunsa.

"Sun daɗe kwance, malam," in ji shi. "Bari mu tashe su mu jiya ko suna amsawa. Ƙarhen ga ya hi shekara goma bisa kanta."

Na ce a'a. Na yi mashi bayanin Inna, na ce so nake ta yage ledar da hannunta, ta ji da yatsunta cewa ba wanda ya taɓa su, don idonta ba zai gaya mata ba. Ya mayar da batirin. Ya ce ya fahimta, shi ma yana da tsohuwa, amma in sani cewa shi ya so a gwada. Wannan shi ne kuskuren da na yi a tafiyar nan, kuma da idona biyu na yi shi, ina jin kaina ɗa nagari.

Na fito daga shagon rana ta take, na tarar garin ya mutu. Al'adarsu ce, da tsakar rana kowa ya rufe ya tafi ya kwanta. Titin da na bi da safe ina kauce wa babura ba kowa, ƙofofi a rufe, har awaki sun shige inuwa. Na yi tafiya mai nisa zuwa tasha ina jin takuna kaɗai, da kwalin a hammata. Sau biyu ina waiwayawa, ban san abin da nake nema ba. A tasha ma sai da na jira direbobi suka farka.

Bayan magariba na iso gida. Inna tana zaune a tabarmarta, na ɗora mata kwalin a cinya. Ta lalubo ledar, ta yage da haƙori, ta fito da su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, tana sunsunawa. Ta ce ƙanshin sabon abu suke yi. Ta sa mani albarka har na ji nauyi, ta kuma sa aka fara haɗa mata kayan tafiya tun daren, alhali saura kwana uku.

Talata da hantsi Oga Hadi ya ɗaura su. Ya ce in tayar. Na murɗa makulli, injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Na sake, haka. Ya ɗauko doguwar sukundireba ya ɗora bakinta a kan nozul na farko, ya manna kunnensa a ƙotar, ya ce in sake murɗawa. Haka ya bi su huɗun. Lafiyayyen nozul yakan yi ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo, waɗannan kuwa shiru. Ya ce man da masana'anta ke zuba masu don kada su yi tsatsa ne ya bushe ya zama ƙaro, ya riƙe allurar da ke ciki. Ya ciro su, ya jiƙa a fetur, ya ƙwanƙwasa, ya ba su wuta daga batir, har la'asar ko ɗaya bai yi ƙas ba. Daga nan ya ce shi ya tsaya, don in ya matsa zai ƙona su. Mutum ɗaya ya sani mai tada irin waɗannan, wani Baba Tanimu, tsohon makanikin manyan motoci da ya bar gari ya koma gona a wajen Dudunni, ƙasar Kusada. Da ya faɗi sunan sai ya ƙara da cewa in je da rana, kuma in na gama abin da ya kai ni kada in tsaya yawo a bayan gidan.

A gida na ce wa Inna ana ɗan saiti ne kawai. Wannan ba ƙarya ba ce tukuna.

Laraba da sassafe na ari babur ɗin maƙwabcina. Tafiyar Maraɗi da kuke ta tambaya ba ta kai wannan tafiyar nisa a raina ba, ko da yake wannan ba ta fi awa guda da 'yan mintoci ba. Daga Kusada na saki titi na bi burtali. Damina ta yi kyau, gero ya fi ni tsawo hagu da dama, hanyar ta zama kamar lungu. Duk wanda na tambaya gidan Baba Tanimu sai ya ce, au, gidan mai motoci, ya nuna da baki, ba wanda ya ce bari in raka ka. Mu da muke aikin gona mun san yadda mutumin ƙauye ke son raka baƙo, don haka abin ya tsaya mani.

Gidan shi kaɗai ne a tsakiyar gona. Na yi sallama sau uku ba amsa, sai na gan shi zaune ƙarƙashin rumfa yana kallona tun ɗazu. Ɗan tsoho ne gajere, yatsunsa baƙi ƙirin da tsohon mai. Injin manyan motoci ya cinye mashi kunne, sai ka matso ka ɗaga murya. Ya ba ni fura a ƙwarya, ya karɓi nozul ɗin, bai tambayi komai ba. Na yi mashi bayanin Inna da Alhamis da alkawarin da ke tsakaninmu, ina ihu a kunnensa, yana gyaɗa kai.

Ban taɓa ganin aiki irin nasa ba. Ya jera su a kan wani guntun kwano a rana har suka yi zafi. Ya cika sirinji da wani ruwa mai wari, ya haɗa da bakin nozul ta ɗan tiyo. Wutar batir kuwa ba ya ba su kai tsaye, sai ta bi ta cikin ƙwan fitilar mota tukuna, don kada ta ƙona su. Yana taɓa waya yana ɗagawa, yana ɗan bugun gefen da ƙotar icce. Tunda ba ya ji, sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin nozul ya ciji ƙotar da haƙoransa, ya lumshe ido, da haƙori yake saurare. Yana yi yana magana da su ƙasa-ƙasa, irin yadda ake lallashin jaki.

Na farko ya amsa kafin azahar. Na ji ƙas, sai ruwan ya fita fesss kamar hazo. Na biyu da na uku suka biyo baya. Na huɗun ya ƙi. Ya mayar da shi rana, ya sake jiƙawa, ya sake bugawa, muka yi sallar azahar muka dawo, shiru. A ƙarshe ya zare ƙotar daga bakinsa ya ajiye, ya ce wannan ba barci yake ba, wayar cikinsa ta tsinke, ko shekara za a yi ba zai tashi ba. Na tambaye shi ko mota za ta kai Katsina da uku. Ya ce za ta tashi tana ɗingishi, tana iya kaiwa, tana iya mutuwa a daji, kuma mai kunne irin na makaho tun daga ƙofar gida zai ji ba lafiya ba.

Na zauna a ƙasa. Maraɗi ta yi nisa, Alhamis gobe ce. Na ji tsoro sosai, irin tsoron da ban ji ba tun ranar da aka kawo gawar Yaya Mamman.

Baba Tanimu ya tashi ya ce in biyo shi. Muka zagaya bayan gidan ta wata 'yar hanya cikin gero, sai ga fili. Motoci ne guda bakwai ko takwas, duk waɗanda suka yi hatsari a babban titi, masu su suka yafe su, shi kuma ya sa aka jawo mashi da shanu. Ciyawa ta fito ta tagoginsu. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. A gonar gero da rana tsuntsaye ba sa barin kunnenka ya huta, amma a filin nan ban ji ko ɗaya ba. Wataƙila zafin ƙarfe ne ke korarsu, ban sani ba.

Ya tsaya gaban wata mota. Irin tawa ce sak, har launin. Gefen direba ya shige ciki, amma gabanta bai taɓu sosai ba. Kafin ya taɓa ta sai ya yi sallama, a hankali, kamar mai shiga gidan surukai, ya ɗan dakata, sannan ya ɗaga murfin injin. Ni kuwa idona ya faɗa kujerar baya. Akwai kular abinci a kife, da takalmin mace ƙafa ɗaya, da wani ɗan ƙaramin takalmi na roba. Ya ce ba ya taɓa irin waɗannan, ko da masu su za su zo nema. Gilashin ya fashe, an yi ruwa shekaranjiya, amma kujerar a bushe take.

Ya ciro nozul ɗaya, muka koma rumfa. Lamba ɗaya, launi ɗaya, baki ɗaya. Ko rana bai sa shi ba. Yana taɓa waya sai ƙas, da ƙarfi, tun taɓawar farko, kamar dama jira yake a kira shi.

Ya ajiye shi a tsakaninmu ya ce shi yana da ƙa'ida. Ba ya hana kowa ƙarfen motocin nan, don ƙarfe ƙarfe ne, rai kuma na Allah ne. Amma duk wanda zai ɗauka sai ya zauna ya ji su wane ne suka rasu a ciki, sunansu da garinsu da inda za su, don ya riƙa sa su a addu'a. Ya gyara zama zai fara. Na ɗaga hannu na ce ya bar shi, ba na son ji. Lissafina shi ne in ban ji ba, in Inna ta tambaya zan iya ce wa kaina ban san komai ba.

"In ba ka ji sunansu ba, wa za ka yi ma addu'a?" in ji shi.

Na ce zan yi masu a dunƙule. Ya dube ni da jajayen idanunsa, bai yi fushi ba.

"To, ɗauka. Ni na hita. Amma tsohuwar taka, ka hwaɗa mata."

Na ce to. Na haɗa shi da ukun a tsumma ɗaya na hau babur, ban waiwaya ba har na ga titi. Kafin magariba Oga Hadi ya ɗaura su. Bai tambaye ni inda na samo na huɗun ba, ya dai juya shi ya ga kansa ya ɗan dushe, ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa. Murɗawa ɗaya motar ta tashi, lafiya lau, ko lokacin da na saye ta ba ta yi laushin murya haka ba.

Alhamis bayan sallar asuba na kawo ta ƙofar gida na bar ta tana aiki. Na riƙo hannun Inna muka fito. Ta tsaya a bakin zaure da sandarta, ta karkata kai tana saurare, ta daɗe. Sannan ta tambaye ni ko waɗanda ta buɗe da hannunta ne a ciki, duka huɗun. Na yi niyyar faɗa, Allah ya sani, amma na ga katin asibitin a hannunta ta damƙe shi, na kuma san in na faɗa za ta juya ta koma tabarmarta ta zauna cikin duhu wata shekara. Na ce su ne, Inna, duk sababbi ne. Ta ce bismillah ta shiga.

Kullum a tsakiyar kujerar baya take zama, ta riƙe kujerun gaba da hannu biyu. Ranar ma haka ta zauna. Mun wuce Caranci, wurin da takan yi shiru ta yi wa Yaya Mamman addu'a, sai na duba madubi na ga tana matsawa. A hankali ta koma can jikin ƙofa, ta tattare zanenta ta cusa ƙarƙashin cinya, ta ɗauke jakarta daga kan kujera ta ɗora a ƙafa, daidai yadda mace ke yi a motar haya in an ƙaro fasinja. Leɓenta na motsi. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau, in dubi hanya. Ban sake duba madubin ba har Katsina, amma bayan wuyana ya yi sanyi duk tsawon hanyar.

A bakin asibiti na fito da ita, na fara ɗaga gilasai zan kulle. Ta dafa hannuna.

"Bar na baya buɗe kaɗan. Rana za ta yi zahi."

Ban tambaye ta don wa ba. Na bar shi a buɗe.

An yi aikin ido ɗaya da rana, suka ce ɗayan sai wannan ya warke. Muka kwana a can, ni a baranda tare da sauran masu jinya, ban je kusa da motar ba. Juma'a da safe aka cire bandejin. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, sannan ta fara faɗin abin da take gani: fanka, taga, koren mayafin matar da ke gadon kusa. Ta dube ni ta ce ashe na yi furfura ba wanda ya gaya mata. Na yi dariya, na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Da aka sallame mu ta ƙi in riƙe mata hannu, ta taka da kanta har wurin motar. Ta zagaya ta, wannan ne ganinta da ita na farko a shekara uku. Ta tsaya a tagar da na bari a buɗe, ta leƙa kujerar baya, ta daɗe tana kallo, ni ban ga komai ba sai ƙurar da ta shiga. Sannan ta ɗago ta ce wanda ya ba ni ƙarfen nan, in koma wurinsa in tambayo mata su wane ne, tana so ta san sunan waɗanda suka kawo ta. Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga hannu.

"Bar shi, Lawal. Ni dai na gode Allah da ba ni gani jiya da sahe, sa'ad da kac ce mani dut sababbi ne."

Ta buɗe ƙofa da kanta ta shiga, ta zauna can jikin ƙofa. Na ja mota. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin kunya irin ta wannan hanyar ba, kuma injin bai yi ko tari ba har ƙofar gida.